Mun Yashe Magudanan da Ba Mu da Su

Gwaggo mai filin shawara, ina gaisuwa da fatan kina lafiya. Ki taimake ni don Allah, kwana tara suka rage mini kafin wani babban taro, kuma duk wanda zan iya kai wa maganar nan ko dai a ofishinmu yake ko kuma dangin matata ne. Ki sakaya sunana.

Ina aiki a sashen kula da muhalli na hukumar birninmu, shekara goma sha ɗaya ke nan. Shekara uku da suka wuce birninmu ya shiga wata ƙungiya ta birane goma sha biyu, wai don mu riƙa koya wa juna yadda za a jure wa sauyin yanayi, musamman ambaliya, tunda ruwan da a da yake sauka cikin wata guda yanzu a yini biyu yake juyewa. Duk wata uku kowane birni yana aika alƙalumansa zuwa sakatariyar ƙungiyar, su kuma su jera mu a allo. Wanda ya yi ƙoƙari a shafa masa kore, na tsakiya rawaya, na baya ja. Sau ɗaya a shekara sai a haɗu a babban ɗakin taro na wani otal, a rataya wa kowa kati a wuya kamar kayan da za a aika tasha, a sha shayi da biskit, a yi abin da suke kira musayar ilimi. Gwaggo, ban taɓa fashin taron nan ba, kuma abin da na ga ana musaya shi ne lambar waya da hotuna. Mutum zai tashi ya yi minti arba'in yana nuna kibiyoyi da da'irori, sanyin na'ura na kaɗa jama'a suna gyangyaɗi, ya gama a tafa masa. Wanda ya fi kowa ƙarfin tafi shi ne wanda tafin ya tashe shi daga barci.

Ni aka ɗora wa aikin auna ci gabanmu. Ni na zauna na tsara fom ɗin da shugabannin leburori ke cikewa duk mako, da hannuna, ba wanda ya tilasta ni. Layi uku ne kawai: mita nawa na magudanar ruwa aka yashe, bishiya nawa aka dasa, taron wayar da kai nawa aka yi. Na yi alfahari da fom ɗin nan kamar ni na haife shi. Shekarar farko muka tara kilomita ɗari da casa'in, ta biyu ɗari uku da goma, bana ɗari huɗu da goma sha biyu. Layinmu a allo ya zama kore shar daga sama har ƙasa. Abokan aiki suka laƙaba mini Malam Kore, ni kuma ina amsawa har da gyaran murya. Aka ba birninmu allon yabo, yana nan rataye a bayan kujerar Darakta, kullum sai an goge shi, gatan da tagar ofishin ba ta taɓa samu ba. Kaina ya kumbura har na fara gyara wa mutane magana a wurin ɗaurin aure in sun ce ruwa ya yi ɓarna, ina ce musu a duba alƙaluma tukuna.

A can ƙasan jerin akwai wani birni da ke bakin kogi, kullum ja. Mai kawo alƙalumansu wata injiniya ce, mace marar yawan magana, takalminta da alamar laka ko a ɗakin taro. Bara ta tashi ta ce sun yashe kilomita talatin da takwas. Talatin da takwas, Gwaggo, a gaban mutane, ko a jikinta. Aka yi ta kallon juna. Ta yi bayanin cewa ita ba ta ƙirga magudana sai an kwashe abin da aka fitar an kai shi bayan gari, kuma sai an yi ruwa ta koma ta ga ya wuce bai kwanta ba. Ba wanda ya saurare ta, don lokacin an fara shigo da shayi. Da aka fita na same ta a gefe, kofi a hannuna, na yi mata irin murmushin da ake yi wa ɗalibin da ya faɗi jarrabawa, na ce kada ta damu, kowa da haka ya fara, zan turo mata fom ɗina. Ta yi godiya. Duk lokacin da na tuna fuskata a ranar sai in ji kamar in wanka wa kaina mari.

Mako uku da suka wuce ta rubuto mini. Ta ce shugabanninta sun gaji da zama ja, sun yanke shawarar karɓar tsarina gaba ɗaya a taron bana, ita kuma an gaya mata ko ta koyi aiki da shi ko ta ba wani kujerar. Ba ta yi ƙorafi ba. Ta ce tana son ta koya da gaske, abu ɗaya ne ya ɗaure mata kai. Ta yi lissafi ta ga kwashe lakar kilomita ɗari huɗu zai ci tifa kamar talatin suna zirga-zirga shekara guda cur, to mu tifa nawa gare mu, kuma ina muke zubarwa.

Tifa biyu gare mu. Ɗaya tana bayan ofis a kan duwatsu ba taya tun kafin a haifi autata, kaji na yin ƙwai a ƙarƙashinta.

Da farko dariya na yi, na ce wannan mata da son wahalar da kai take. Daga baya na sake duba lissafin nata. Na sauka ɗakin taswira, wurin da ban taɓa leƙawa ba a shekara goma sha ɗaya, na tambayi dattijon da ke kula da shi tsawon dukkan magudanan birnin nan, manya da ƙanana. Ko kabad bai buɗe ba. Ya ce kilomita ɗari da arba'in ne, har da waɗanda mutane suka yi gini a kansu. Ya ƙara da cewa ya daɗe yana jiran wani daga sama ya sauko ya tambaya, don shi ma yana ganin allon yabon nan in ya hau kai takarda. Wato a shekara guda mun yashe kusan ninki uku na magudanan da muke da su, kuma birane goma sha ɗaya cike da masu digiri sun tafa mana.

Washegari na bi leburori bakin aiki, karo na farko tun da na tsara fom ɗin. Shugabansu wani tsoho ne da ake kira Baba Shebur. Na tsaya na ga yadda ake yi. Su shiga kwata har gwiwa, su fito da laka da leda da robobi, su tara a bakin magudanar tsibi-tsibi, a ja tef a auna, a rubuta, a wuce gaba. Tsibin yana nan inda aka bar shi. Rana ta busar da shi, awaki su tona, masu babur su bi ta kai, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Bayan wata biyu a dawo a sake yashewa, a sake jan tef, ni kuma in sake tarawa a ofis ina lumshe ido. Baba Shebur ya ce layin da muke tsaye a kai sau biyar suka yashe shi bana. Ya nuna mini wata tsohuwar tayar mota a saman tsibin, ya ce sau huɗu yana fito da ita, har sun saba, ranar da bai gan ta ba sai ya ji ba daɗi. Na tambaye shi me ya sa bai taɓa faɗa ba. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce yana faɗa wa duk wanda ya zo daga ofis, sai dai ni ne na farko da ya zo.

Na tambaya ina tifar da ke da rai. An mayar da ita jigilar dashen bishiya, saboda bishiya tana da layi a fom ɗina, kwashe laka ba shi da shi. Ban ma da ƙarfin halin binciken bishiyoyin ba, don na lura ramukan da ake dasa su a bakin babban titi ba sa canzawa daga shekara zuwa shekara. Ba wanda ya saci komai, ba wanda ya rubuta abin da bai yi ba. Kowa ya yi abin da takardata ta tambaye shi, abin da ba ta tambaya ba ya bar shi a bakin titi.

Abin takaicin, Gwaggo, a gidana aka fi kowa sanin gaskiya. Damina biyu ke nan kujerun falonmu suna kan bulo. Matata ta ƙware, da ta ga hadari ya haɗo kafin ya sauko ta naɗe kafet ta ɗora takalman yara a kan firji. Ranar da na kawo hoton allon yabon gida na same ta da tsintsiya da bokiti, ta duba ta ce in rataye shi sama sosai kada ruwa ya taɓa shi. Ni kuwa na ɗauka shawara ce, na ɗauko guduma. Kullum ina gaya mata sauyin yanayi ne, ruwa ne ya yi yawa, ba don aikinmu ba da abin ya fi haka muni.

Ga inda abin ya cakuɗe. Daraktanmu kawun matata ne. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinta, shi ya kawo ni aikin nan lokacin da nake yawo da takarduna a leda ofis-ofis. Na shiga wurinsa na rufe ƙofa na zayyana masa komai. Ya saurare ni yana juya biro. Ya ce alƙaluman sun riga sun tafi sakatariya har an buga su a littafi. Ya ce ba ƙarya muka yi ba, an yashe ɗin, tef shaida ne. Ya ce in ina tsammanin koren sauran biranen na Allah da Annabi ne to har yanzu da sauran ƙuruciya a kaina. In je in gabatar da jawabina yadda aka tsara, baɗi sai mu gyara fom ɗin sannu a hankali ba tare da kowa ya ji ba. Game da injiniya kuwa ya ce kowa ya ji da birninsa. Sannan ya tambaye ni lafiyar yara, wanda a wurinsa yana nufin an rufe magana.

Matata, wadda ta fi kowa yi wa koren nan dariya, da ta ji sunan Kawu ya shigo sai ta juya. Ta ce in na kunyata shi a gaban baƙi ba darakta na kunyata ba, ubanta na kunyata, kuma saura wata goma sha huɗu ya yi ritaya, in bari ya sauka da mutuncinsa. Tun ranar maganar da ke haɗa mu ba ta wuce ta yara da cefane, kuma abin yana ci mini rai fiye da yadda nake nuna mata.

Ni ne babban mai jawabi a taron bana. An buga sunana a takardar gayyata a ƙarƙashin taken darasi daga birnin da ya yi nasara. Wani lokaci in ce bari in kwanta ciwon ƙarya a tura wani ya karanta. Wani lokaci in ga kaina a kan dandamali na ajiye takarda na tona komai, Darakta na zufa a sahun gaba, jama'a sun miƙe suna tafa wa jarumtata. Ba zan ɓoye miki ba, wannan mafarkin yana mini daɗi. Amma mafi yawan lokaci sai in ce da kaina, wai meye ma abin tayar da hankali? Taron nan wasa ne, allon nan wasa ne, manya ne masu furfura ke wasan yara da fenti kala uku. Ba mai karanta rahoton nan, ni da na rubuta rabinsa ma ban karanta ba. In duk abin shirme ne, ƙarin shirme ɗaya wa zai cutar?

Har yau ban ba injiniya amsa ba. Shekaranjiya ta sake rubutowa, layi biyu, tana ba ni haƙuri wai ta san ayyuka sun yi mini yawa. Gwaggo, ki gaya mini, in yi shiru shekara ɗaya saboda Kawu da zaman lafiyar gidana, ko in buɗe baki in rasa suna, wataƙila har da kujera, saboda matar da ban haɗa komai da ita ba da birnin da ban taɓa kwana a cikinsa ba?

Naki,
Mai Fom

Amsar Gwaggo

Ɗana Mai Fom,

Na tsallake wasiƙu da yawa na sa taka a gaba saboda kwanakinka, waɗanda yanzu saura shida, ba don ka fi sauran ban tausayi ba. Ka ce in sakaya sunanka, na sakaya, amma duk wanda ya taɓa shiga ofishinku ya karanta labarin tifa biyu da tayar Baba Shebur ya san kai ne. Ina jin ka san da haka lokacin da kake rubutawa. Wanda ya yi niyyar yin shiru da gaske ba ya aiko wa jarida.

Bari in fara da rainin nan naka, don shi ya cika wasiƙar. Ka raina taron, ka raina masu kibiyoyi, ka raina masu barci, har kanka ka raina, kuma ka iya, na yi dariya. Amma shekara uku kana cin biskit ɗinsu kana amsa Malam Kore ba ka ga wasan yara ba, sai da lissafi ya juya maka baya. Wurin ɓuya kake gina wa kanka da rainin nan, don in komai shirme ne ba sai ka yi komai ba. To ba shirme ba ne. Takardar da kake kira wasa ta ɗauke tifa daga kan laka ta mayar da ita kan bishiya, allon da kake kira wasa yana shirin tayar da mace daga kujerarta. Ni ban taɓa ganin wasan da ke korar ma'aikaci ba.

Ka ce ba a musayar komai sai lambar waya. An yi musaya, kai ne ba ka karɓa ba. Mace ta tashi a gabanku ta faɗi yadda ake aunawa daidai, kuka bi shayi. Ta dawo ta yi maka tambaya ɗaya, tambayar ta sauko da kai ɗakin taswira, ta kai ka bakin kwata, wuraren da albashin shekara goma sha ɗaya bai kai ka ba. Abin da aka kafa ƙungiyar dominsa ke nan, kuma ya yi aiki a kanka. Ita ta ba ka nata, kai ka danne naka mako uku.

Na yi shekara ashirin da shida ina aikin jinya kafin in zauna a filin nan. Akwai lokacin da sikelin awon jarirai a ɗakinmu ya lalace, yana ƙara rabin kilo. Wata huɗu muna rubuta cewa yara sun yi ɓul-ɓul, ana yabon sashenmu, iyaye mata na cewa yaron nan fa ba ya kama nono, mu kuma muna nuna musu kati. Wata sabuwar ma'aikaciya ce ta ɗora ledar ƙarin ruwa a kan sikelin ta ga nauyin bai yi daidai ba. Ba wadda ta yi ƙarya a cikinmu a wata huɗun nan. Amma da mun ƙara rubuta kati ɗaya bayan mun sani, daga ranar mun zama maƙaryata. Shekara ukun da ka yi kuskure ne, irin na mai zaman ofis da bai taɓa taka laka ba, kuma ina yi maka uzuri. Mako ukun nan kuwa wani abu ne daban, kai ma ka san sunansa.

Yanzu Kawu. Ba zan zage shi ba. Ba ɓarawo ba ne, tsoho ne da ya hango ƙofar fita yana tsoron tuntuɓe a bakinta. Matarka tana da gaskiya, wanda ya riƙe ta ya kuma ɗauke ka aiki ba a yi masa kwanton ɓauna a gaban baƙi. Mafarkinka na tona asiri a kan dandamali ka zubar da shi. Ba gaskiya kake nema da shi ba, sabon tafi kake nema, ka tashi daga Malam Kore ka koma Malam Jarumi a kan mutuncin tsoho. Ciwon ƙarya kuma ya fi duka muni, don wani ne zai karanta ɗari huɗu da goma sha biyun da muryarsa, kai kana kwance kana nishi da lafiyarka. Yana iya yiwuwa ma Kawu ya yi gaskiya cewa koren wasu biranen bai fi naku tsarki ba. In haka ne, akwai masu fom irinka a ɗakin nan da ke zaune suna jiran wani ya fara magana.

Inda Kawu ya kauce shi ne baɗi. Baɗin nan na masu zama a saman bene ne. Tsakanin bana da baɗi akwai damina guda, birnin injiniya kuma a bakin kogi yake. In suka ɗauki fom ɗinka, leburorinsu za su koyi barin laka a bakin kwata tunda ba a tambaye su ba, motocinsu za su koma inda takarda ta buɗe layi, ita kuma ko ta sa hannu a abin da ta san ba daidai ba ne ko a kawo wanda zai sa. Kai kujerunka ka ɗora a kan bulo. A bakin kogi katanga ruwa ke kayarwa, wani lokaci da mutane a ƙarƙashinta. Ka ce ba ka haɗa komai da ita ba. Ka haɗa mana, fom ɗinka ne aka rataya mata a wuya.

Saboda haka yau ka ba ta amsa. Ba sai ka nemi izinin kowa ba, tambayar aiki ta yi wa abokin aiki. Ka ce tifa biyu ce, ɗaya ta mutu, lakar ba ta zuwa ko'ina, magudananku gaba ɗaya kilomita ɗari da arba'in ne, kuma kada ta bari a karɓi fom ɗin kafin ku yi magana. Ka ba ta haƙuri kan murmushin da ka yi mata da kofi a hannu a jimla ɗaya, kada ka cika ta da nadama, ba ita za ta yi jinyar zuciyarka ba. Sannan ka roƙe ta ta turo maka yadda take aunawa.

Daga nan ka zaunar da matarka. Kada ka ce mata ka zaɓi gaskiya a kan Kawu, don ba haka ba ne. Ka nuna mata cewa lissafin da injiniya ta yi a teburinta kowa na iya yin sa. Da zarar wani birni ya kwafi tsarinku, cikin 'yan watanni wani zai ɗora ɗari huɗu a kan tsawon magudananku ya ga abin da ka gani, ranar kuwa Kawu ba zai sami bakin cewa mu muka gano ba. Asirin nan ba zai kai wata goma sha huɗu ba. Ku tafi gidansa tare, ba ofis ba, inda babu allon yabo a bayansa. Ka riƙe takarda shafi ɗaya da ka riga ka rubuta zuwa sakatariya, mai cewa sashenku ya binciki kansa ya gano ana ƙirga magudana ɗaya sau da yawa, ga adadin gaskiya, ga gyaran da za a yi. Ka rubuta ɓaro-ɓaro cewa kai ka tsara fom ɗin, don kai ka tsara shi. A ƙasa ka bar gurbin sa hannunsa, laifin ya zama naka, gyaran ya fito da sunansa. Tsoho mai wayo irinsa zai gane ƙofar da ka buɗe masa.

In ya ƙi, ka gaya masa cikin ladabi, a durƙushe ma in ka ga dama, cewa ba za ka karanta adadin nan a gaban mutane ba, kuma in an tambaye ka za ka faɗi abin da ka sani. Ya ji daga bakinka a gidansa, kada ya ji a ɗakin taro. Ba zan yi maka alƙawarin abin zai zo da sauƙi ba. Ana iya mayar da kai ɗakin taswira kusa da dattijon nan, wanda ba mummunan wuri ba ne ga mai buƙatar koyo. Matarka tana iya yin watanni tana ba ka amsa da kalma ɗaya. Abokan aiki za su nemo maka sabon laƙabi, kuma ba zai yi daɗin amsawa ba.

In an bar ka ka hau dandamali, ka ajiye kibiyoyi. Ka nuna hoton tsibin laka, ka faɗi yadda fom mai layi uku ya koya wa birni guda aikin banza, ka faɗi wadda ta gano, ka kira ta da matsayinta a gaban shugabanninta. Sabon fom kuma kada ka sake tsara shi kai kaɗai a ƙarƙashin fanka. Ka zauna da Baba Shebur da dattijon taswira, ka tambayi matarka me take so a auna. Ina jin za ta ce maka awa nawa ruwa ke kwanciya a layi da gida nawa ya shiga. Irin waɗannan alƙaluman za su mayar da ku ja, wataƙila shekara biyu ko uku, kuma sai an ga jan nan ne wani zai tuna da gyaran tifa.

Ɗana, kai kana da kwana shida, da zaɓi uku, da Gwaggon da za ka kai wa kuka. Ita ba ta ma san akwai abin da ake ɓoye mata ba. Tana can tana bin lissafinta layi-layi tana neman inda ta yi kuskure, tana ganin ita ce ba ta iya aiki ba, har tana ba ka haƙuri don ta dame ka. Duk yinin da ka ƙara, da saninka ka bar ta cikin wannan tunanin. Ka ninke jaridar nan ka rubuta mata.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran matarka da na Kawu, ya sa daminar bana ta zo wa biranen nan biyu da sauƙi.

Gwaggo